Darasi Daga Wani Kamfanin Manhaja Da Aka Fara A Jos

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa matasan unguwar Tudun Wada ta Jos. Mun buga shi ne saboda 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda 'ya'yansu na gida ke neman jari a hannunsu.

 An roƙe ni in yi magana a kan yadda ake kafa kamfanin manhaja, watau shirye-shiryen da ke sa kwamfuta da wayar hannu su yi aiki. Da yawanku sun ɗauka sai an je Ikko ake wannan sana'a. To, misalin da zan kawo a nan garin ya faru.

A shekarar 2012 Sim Shagaya, ɗan asalin Jihar Filato, ya kafa Konga a Ikko, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Jari ya shigo masa daga ƙasashen waje, amma darajar naira ta faɗi a 2016, shekarar da shi kansa ya sauka daga shugabancin kamfanin, kuma a 2018 aka sayar da Konga ga kamfanin Zinox. Da ya tashi sake sabon gini a 2019, sai ya zo Jos ya kafa uLesson, manhajar koyar da 'yan sakandare lissafi da kimiyya.

Abin lura a nan shi ne yadda darussan suka isa hannun yara. An ɗauki malamai a bidiyo suna koyarwa, amma ba a ce kowane ɗalibi ya kalla ta intanet ba. Masu kamfanin sun san kuɗin data ya fi ƙarfin iyaye da yawa, sun kuma san akwai inda sabis ba ya kaiwa. Saboda haka sai suka zuba darussan a ɗan katin memori, a saya, a sa a waya, yaro ya yi ta kallo ko da babu data. Mai neman burga zai raina wannan dabara, ya ce ta tsufa. Amma uban da zai biya kuɗin ba burga yake nema ba, so yake ɗansa ya ci jarrabawar WAEC. Manhajar ta fito kasuwa a watan Maris na 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Wannan kam sa'a ce, sai dai ta tarar da kaya a shirye. Daga baya kamfanin ya karkata ga koyarwa ta intanet, bai kafe a kan katin ba don kawai da shi ya fara.

Kuɗi sun biyo baya: dala miliyan 7.5 a Janairun 2021, da dala miliyan 15 a Disambar wannan shekara. Amma kada in ruɗe ku. Tun kafin manhajar ta fito, a 2019, masu zuba jari sun ba shi dala miliyan 3.1, domin sun san shi tun zamanin Konga. Kai da ke Tudun Wada ba wanda zai ba ka haka. Hedkwatar ma ta koma Abuja daga baya, abin da ya kamata hukumomin jiharmu su yi wa kansu tambaya a kai.

Abin da za ku iya kwaikwaya ba ya cin kuɗi. Wurin koyo akwai shi, tun da an buɗe cibiyar nHub a garin nan a 2015. Kafin ka rubuta komai, shiga kasuwar Taminus ka zauna da mai shago, ka ga yadda yake rubuta bashi, da irin wayar da ke hannunsa, da nawa yake sa wa data a mako. In ka gina abin, nemi mutum goma da ba danginka ba, su biya da kuɗinsu, su kuma sake biya wata mai zuwa.

Ku kuma iyaye da ke fatauci a Kudu, in yaro ya aiko neman kuɗin kama ofis da buga allon suna, ku ce ya fara aiko muku da sunayen mutum goman nan, da abin da kowannensu ya biya.