Fairuz Baƙo Ne, Lantana Tamu Ce

 

An ce in yi magana kan fairuz, dutsen nan shuɗi mai sirkin kore da ya cika zobban alhazai da teburan ƴan koli. Zan yi, amma a gurguje, domin ƙorafina yana wani wuri.

Fairuz ba dutsen ƙasarmu ba ne. Wanda ya fi suna daga Naisabur ta Iran ake haƙo shi. Misirawan dauri kuwa daga Sina'i suke samo nasu, har suka ƙawata fuskar zinariya ta Tutankamun da shi. Tagullar da ke cikinsa ce ke ba shi launi. An daɗe ana cewa yana kare mahayi daga faɗowa daga doki, yana maganin kambun baka, kuma in ya dushe to mai shi na dab da kwanciya ciwo. Wannan ta ƙarshe ba gaibu ba ce. Dutse ne mai tsotso: gumi da mai da turare na shigarsa su mai da shi kore. Taurinsa 5 zuwa 6 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, yashi kuwa 7, ke nan rairayin Dallol Mawri ma cin sa yake. Da yawa daga na kasuwa ma farin dutse ne aka rina, ko roba tsagwaronta. Ɗora masa allura mai zafi, hancinka zai gaya maka.

To, ga abin da ya kawo ni Tibiri. A yankin Kirtashi, bakin kogin Kwara, nan maƙwabtanmu, akwai jan dutse da ake kira lantana. A da, fataken Hausa ne ke saye su gangara da shi ƙasar Yarabawa, da farko Oyo ta da, bayan rushewarta a wajen shekarun 1830 kuma Ilori. A can ake fasa shi, a huda, a goge, ya zama duwatsun wuyan sarakuna da matan attajirai. Sana'ar ta riƙe gidaje masu yawa a Ilori, sai a farkon ƙarni na 20 duwatsun kwalba na Turai suka karya ta. Dutse namu, fatauci namu, amma wa ya rubuta tarihin? Ann O'Hear, a 1986, da Turanci, kuma daga ɓangaren Ilori. Daga namu ɓangaren, na mahaƙa da masu dako, wa ya zauna da tsofaffi ya tambaye su? Lantana tauri gare ta kamar yashin da take ciki, shi ya sa kaka ke barin ta ga jika ba ta dushe ba. Ita ce ta dace da ƙasarmu.

Wasu abokan aikina na cewa ai tsakiyar ma wata daga Indiya ta zo, wata daga Jamus, don haka babu baƙo babu ɗan gida. Na sani. Amma waccan sayo ta muka yi, lantana kuwa mu muka sayar. Masu cewa zancen dutse camfi ne kuwa, ba zan ɓata lokaci ba: mutanen da suka san dutsen Tunguma na Lugu ba su buƙatar a koya musu cewa dutse na ɗauke da tarihi.

Abin da nake nema shi ne wanda na daɗe ina nema. Jami'ar Doso da cibiyar IRSH ta Yamai su tura ɗalibai Kirtashi tun masu sanin ramukan na da rai. Gidan tarihi na Doso ya ɗauki hoton duwatsun da ke cikin adudun gidajen Arewa, ya rubuta sunan kowanne da Hausa.

Ku kuma iyayenmu mata, in dillali ya zo taya tsakiyar kakarku, ko nawa ya sa, kada ku sallama.