Suturar da Za a San Mutum da Ita

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Jajimaji)

 

An nemi mu yi magana a kan suturar maza. Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da zancen riga da hula? To, ai a nan gizo ke saƙar. Magidanta nawa ne a cikinmu ke wayar gari bayan Sallah da bashin mai yadi da na tela a wuya? Samari nawa ne suka sayar da buhun gero saboda ankon biki, kayan da ba za su sake sawa ba sai sau ɗaya ko biyu? Maganarmu guda ɗaya ce: namiji ya tsayar wa kansa shigar da ta dace da sana'arsa da aljihunsa da yanayin garinsa, ya riƙe ta har a san shi da ita.

Mu dubi magabata. Malam Aminu Kano ya rasu tun 1983, amma har gobe in aka ce farin kaya da jar dara, shi ke faɗo wa mutum a rai. Sardauna Ahmadu Bello kuwa da babbar riga da rawani aka san shi. A nan ƙasar Barno ma, Zanna Bukar Dipcharima, wanda ya yi minista a gwamnatin Tafawa Balewa, ya riƙe irin hularsa har sunansa ya bi ta. Yau yaro zai shiga kasuwa ya ce a ba shi zanna bukar, bai ma san sunan mutum yake kira ba. Kun ga kowannensu abu ɗaya ya zaɓa ya tsaya a kai, duk da cewa suna da halin sauya shiga kullum.

Wannan magana ta fi shafar mu mazauna. Da yawa daga cikin kakanninmu fatauci da noma ne suka kawo su daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, aka buɗe cinikin gyaɗa da fata da ƙaro. Suka zauna da Mangawa da Badawa, aka yi auratayya, aka zama ɗaya. Shi baƙo kuwa, kafin ya buɗe baki an riga an karanta tufafinsa. Wanda za a ba kaya bashi a kasuwar Gashuwa, ko a ba shi aure a Jajimaji, ana duba natsuwarsa. Mutumin da yau yana cikin gezna, gobe an gan shi da yagaggiyar riga don ya sayar da ta jiya, wa zai amince masa? Zanen aro dai ba ya rufe katara.

To, yaya mutum zai tsayar da shigarsa? Ya fara da duba garin da yake. A watan Afrilu da Mayu zafinmu kan haura maki 40, sannan daga Disamba hunturu ya zo da ƙura da sanyin asuba. Yadin auduga yana shan gumi, iska na ratsa shi. Yadi mai roba kuwa ƙyalli ne a ido, azaba a jiki. Sai kuma sana'a. Malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukumar Karasuwa, kaftani da wando da hula sun wadatar da su. Mai awon hatsi ko dillalin dabbobi, jamfa mai duhun launi ta fi masa, don farin kaya ba ya jure ƙurar kasuwa. A ajiye fari saboda Juma'a.

Daga nan sai lissafi. Kaftani da wando na cin kamar yadi 5, cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa kamar yadi 10. Shaddar gezna daga ƙasar Austriya take zuwa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da rufewa, yawancin yadin da ke Kantin Kwari a Kano na waje ne, shi ya sa tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka daidai ruwa daidai tsaki: babbar riga ɗaya mai kyau don Sallah da ɗaurin aure, kaya uku ko huɗu na yau da kullum, launi biyu ko uku da suka karɓi mutum, hula biyu da za su shiga da kowanne. Wallahi wannan ya isa mutum ya fita kunya.

Sannan a riƙe tela ɗaya, wanda ya san faɗin kafaɗarka da tsawon da kake so. A kai masa ɗinki tun watan Sha'aban, kada a bari sai goman ƙarshe na azumi a zo ana rigima. Telolinmu na gida ma su samu, kuɗin ya zauna a gari. A kula da kayan kuma: shadda bugu take so, a shanya mai launi a inuwa, hula a kai wa masu wankinta. Tsohuwar riga wankakkiya ta fi sabuwa mai dauɗa, tsafta kuwa cikon addini ce.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiya su zauna a kan maganar anko. In ba za a iya barinsa ba, a zaɓi yadin da talaka zai iya saya, wanda zai ci gaba da sawa bayan biki, kuma kada a ga laifin wanda ya zo da nasa kayan. Iyaye kuma mu fara da kanmu, don yaro shigar ubansa yake kallo.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.