PADI, SSI, NAUI Ko CMAS: Wace Hukuma Za Ka Bi In Kana Son Nutso Ya Zama Sana'arka?

 Mun sake haɗuwa a shirinmu na sana'o'in da matasanmu ba su cika waiwaya ba. Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga rubutaccen shirin kamar yadda muka saba.

Yau ruwa za mu shiga. Tun da muka taɓo ayyukan teku a shirin da ya gabata, saƙonni suke ta shigowa, musamman daga 'yan'uwanmu mazauna Jidda, Fot Sudan, Legas da Fatakwal. Tambayar kusan iri ɗaya ce: ina son koyon nutso da tukunyar iska a baya, wato sukuba, har in samu takardar da zan ci abinci da ita, to wace hukuma zan bi? Amsata ita ce, ka fara sanin aikin da kake nema da garin da za ka yi shi. In ka san waɗannan biyun, hukumar da kanta za ta bayyana.

Bari mu fara raba hanya biyu, don a nan kuɗin mutane ke halaka. Akwai nutson shaƙatawa, na masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon kifaye da murjani. Akwai kuma nutson masana'antu, na masu walda a ƙarƙashin ruwa, masu duba bututun mai da gyaran gindin jirgi. PADI da SSI da NAUI da CMAS duk na ɓangaren farko ne. Ko ka kai matakin malami a cikinsu, wannan katin ba zai ba ka aiki a rijiyoyin mai na cikin teku ba. Kamfanonin mai suna duba takardun da ƙungiyar IMCA ta amince da su, irin na HSE ta Birtaniya, ADAS ta Ostareliya, ko DCBC ta Kanada. Horon ma daban yake, yawanci daga sama ake turo maka iska ta mesa, kana magana da mai kula da kai ta waya. Saboda haka ɗan'uwa, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka katin PADI ka samu aikin kamfanin mai, riƙe aljihunka da kyau.

To, in ɓangaren shaƙatawa kake so, ka zama jagora ko malami, ga yadda tsanin yake. A tsarin PADI, matakin farko yana ba ka damar sauka mita 18. Na biyu ya kai ka mita 30. Sai kwas ɗin ceto, haɗe da na taimakon gaggawa. Daga nan ne za ka shiga matakin ƙwararru na farko, wanda suke kira Divemaster, wato jagoran masu nutso. Sai ka cika shekara 18, likita ya sa hannu cewa lafiyarka ƙalau, kana da nutso 40 a rubuce kafin ka fara, 60 kafin a ba ka katin. Akwai gwajin ninƙaya na mita 400, da tsayuwa a saman ruwa minti 15, da jan wanda ya gaji tsawon mita 100. Kun ga kenan mu da muka taso nesa da teku, sai mun fara gyara ninƙayarmu tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin malami kuwa sai kana da nutso 100 kafin ka zauna jarrabawa. Sauran hukumomin sunayen matakansu sun bambanta, amma tsanin kusan ɗaya ne, domin akwai ma'aunin duniya na ISO da manyansu ke bi: 24801 na masu nutso da jagorori, 24802 na malamai.

Yauwa, yanzu mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

PADI an kafa ta a Amurka a 1966, kuma ita ce ta fi yaɗuwa. Ka je Sharm el-Sheikh ko Dahab a Masar, ka je Zanzibar ko Mombasa, tambarinta za ka fi cin karo da shi. Amfaninta biyu ne. Shagunan da za ka nemi aiki suna da yawa, sannan malaminta yana iya koyarwa da ƙashin kansa ba tare da ya jingina da wani shago ba. Jarrabawar malanta kuma ba wanda ya koyar da kai ne zai yi maka ba, hukumar ce ke turo nata mai jarrabawa. Inda take cizo shi ne kuɗi: littattafai, rajista, da kuɗin sabuntawa duk shekara.

SSI ta zo a 1970, ita ma daga Amurka, kuma tun 2014 tana hannun kamfanin da ya mallaki Mares, masu ƙera kayan nutso. Babban abin da za ka riƙe a nan shi ne, malamin SSI dole ya kasance ƙarƙashin wata cibiya mai rajista kafin ya ba ɗalibi kati. In kana da shagon da ya yi maka alkawarin aiki kuma SSI yake bi, shi kenan, ka huta. In kuwa burinka ka koma inda babu cibiyarsu ko ɗaya ka fara koyarwa kai kaɗai, ka yi tunani sau biyu.

NAUI tun 1960 take, kuma ba don riba aka kafa ta ba. An san ta da sakar wa malami mara, yana iya ƙara wa ɗalibi abin da ya ga ya dace a kan mafi ƙarancin abin da aka gindaya. Wannan yana fitar da ɗalibai masu ƙwari in malamin na kirki ne. Sai dai shagunanta ba su kai na biyun farko yawa ba, don haka ka duba ko akwai su a inda kake hari.

CMAS kuma an kafa ta a Monako a 1959, shugabanta na farko shi ne Jacques Cousteau, Bafaranshen nan da ya shahara da binciken teku. Ita gamayyar ƙungiyoyin ƙasashe ce, matakanta da taurari ake ƙirga su, ɗaya, biyu, uku. Tana da ƙarfi a Faransa da ƙasashen Turai da dama. 'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi masu jin Faransanci, ku lura da wannan: a Faransa ba a biyanka albashin koyar da nutso sai kana da takardar gwamnatin ƙasar, komai taurarin da ke katinka.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a rubutawa a tallar kwas. Katin hukuma daban, izinin aiki daban. A Masar misali, akwai hukumar CDWS da ke kula da harkar, sai da katinta ake aikin jagora ko malami, baƙo kuma sai ya haɗa da takardar izinin aiki. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar. Ka bincika kafin ka biya ko sisi.

To yaya za ka zaɓa? Ka ɗauki waya ka tuntuɓi shaguna biyar a garin da kake son aiki, ka tambaye su katin wa suke ɗauka, kuma wane harshe suke nema. Mai Larabci da Turanci, ko Faransanci da Turanci, ya riga ya sha gaban wanda ya fi shi yawan katuna. 'Yan'uwa mata, ku ma da ku ake: akwai matan da ba za su yarda namiji ya koya musu ba, kun ga malama tana da kasuwarta.

Bayan haka ka bincika malamin fiye da yadda ka bincika hukumar. Ka karɓi lambarsa ka tabbatar wa kanka a wurin hukumar cewa rajistarsa tana aiki. Ɗalibai nawa yake shiga da su ruwa lokaci guda? Akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirginsa? Ina ne asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska? Wannan tambayar ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, sinadarin naitirojin yana taruwa a jiki, in ka taso da gaggawa ya zama kumfa a cikin jini. Yana iya shanye mutum, yana iya kashewa. Malamin da ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ka yi masa sallama.

Ku yi hattara kuma da tsarin nan na "zo ka yi mana aiki kyauta mu ba ka kwas". Wani wurin gaskiya ne, wani wurin wata shida za ka yi kana ɗaukar tukwane da wankin kaya, ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka komai. A rubuta yarjejeniya: nutso nawa, wata nawa, wa zai biya kuɗin rajista da inshora.

Kada kuma zaɓin ya hana ka barci, don ba auren zobe ba ne. Yawancin hukumomin suna karɓar katin juna a matsayin sharaɗin shiga mataki na gaba, malami ma yana iya sauya sheƙa da ɗan gajeren kwas. Abin da ba ya sauyuwa shi ne horon da ya zauna a jikinka. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, to shi jagora har da kan wasu zai fitar, mutum huɗu ko shida suna bayansa a mita 30, iyalansu na jiransu a gida.

Nan za mu dasa aya. Wanda yake da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, wanda kuma ya san wani matashi mai wannan buri ya tura masa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga ɓangaren nutson masana'antu dalla-dalla. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mu a tudu da ruwa.