Doka Daga Nesa, Nauyi A Kan Talakan Bakin Iyaka



Da farko muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan fili, mu 'yan ƙasar Daura, don mu faɗi albarkacin bakinmu. Batun da aka ɗora mana shi ne: ko ya kamata ɗan ƙasa ya yi na'am da kowace doka da Gwamnati ta kafa a kan ciniki da haraji da na'urorin zamani, don kawai an ce masa domin amfaninsa aka yi ta? Amsarmu ita ce a'a, sai ya duba tukuna. Hujjarmu kuwa daga gida muka ɗauko ta, watau daga garin Babban Mutum.

Saboda waɗanda ba su san wurin ba, Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Baure, cikin masarautar Daura, daf da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Ta nan hanya ta bi zuwa Magarya, har ta dangana da Damagaram. Iyakar nan kuwa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, ba tare da sun nemi shawarar kakanninmu ba. Ga shi har yau mutum yana kwana a wannan ɓangare, surukinsa ko ɗan'uwansa na wancan. Harshe ɗaya ne, addini ɗaya, kasuwanni kuma na juna ne: dabbobi su gangaro daga arewa, hatsi da kayan masarufi su haura daga kudu. Saboda haka duk dokar da aka sa wa hannu a Abuja game da iyaka, a tukunyar tuwon mutanenmu ake fara ganin ta.

A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, bisa dalilin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma Hukumar Kwastan ta hana a kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Jama'a, a yi tunanin wannan doka da idon mutumin Babban Mutum. Gidansa da gonarsa da kasuwarsa duk suna cikin kilomitocin nan. Ɗan acaɓa da mai injin niƙa da mai injin ban-ruwa ba su taɓa ƙetare iyaka da jarka ba, amma aka wayi gari sai sun yi doguwar tafiya neman mai, ko kuma su saya a hannun 'yan bumburutu da tsada. Watau dokar da aka yi don a karya ɗan sumoga, ita ce ta buɗe masa sabuwar kasuwa a ƙofar gidanmu.

Da a ce nauyin ya hau kan kowa daidai, da sai mu ce haƙuri maganin zaman duniya. To amma a watan Nuwamba na 2020, iyaka tana rufe, labari ya fito cewa an ba kamfanin siminti na Dangote da kamfanin BUA izini na musamman su fitar da kayansu ta iyakokin nan, Hukumar Kwastan kuma ta tabbatar da haka. Ba mu zargin kamfanonin da karya doka, gama izini suka nema aka ba su. Abin da muke so a lura da shi shi ne, babban ɗan kasuwa yana da lauyoyi, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ji shi. Tsohuwar da ke kai ƙuli-ƙuli kasuwar Magarya fa, wa za ta rubuta wa takarda? Sunan garinmu Babban Mutum, amma da doka ta zo, sai muka gane cewa wani babban mutumin daban ne aka bar wa ƙofa.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihinmu. Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin gyaɗa, sa'ad da Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita kaɗai ke yanke farashin da za a sayi gyaɗar da za a fitar waje, ta hannun wakilai masu lasin. An ce an yi haka ne don a kare manomi daga hawa da saukar farashin kasuwar duniya. Amma shekara da shekaru ana biyansa ƙasa da abin da gyaɗarsa ke kawowa a Turai, rarar kuma tana shiga baitulmalin Gwamnati. Haraji ne da ba a kira shi da sunansa ba, sai a 1986 aka rushe hukumomin cinikin. Haka kuma a 1984 an rufe iyakoki tare da canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, alhali kuwa fari ya addabi ƙasashen nan biyu a lokacin.

Yanzu bari mu juya ga na'urorin zamani, musamman wayar hannu, wadda ta zama banki da gidan waya da kasuwa a aljihun talaka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har wajen ƙarshen shekara. Abin bai iso ƙasar Daura ba, amma wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta dole ya shafa wa nasa ruwa. A can, mai jinya ya kasa kiran mota, ɗan kasuwa ya kasa karɓar kuɗinsa, mutanen ƙauye suka kasa sanar da maƙwabta idan an kawo hari. Da aka mayar da layukan kuwa, 'yan bindiga suna nan.

Sa'an nan ga canjin takardun kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tare da kwaɗaitar da jama'a su koma ciniki ta waya. Farkon 2023 tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi kuma ba su wadata ba. Mu da muka je hutu gida mun gani da idonmu. Mutum ya kai akuyarsa kasuwa ya dawo da ita, domin mai saye ba shi da tsabar kuɗi, shi kuma ba shi da asusun banki. Mai asusun ma sai ya tsaya rana tana dukansa yana jiran saƙon shigar kuɗi, layi ya ƙi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023, cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, kana jama'a suka numfasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an fara kai bankuna da layin waya mai ƙarfi ƙauyuka, da abin bai kai haka ba.

Har wa yau, da talaka ya koyi tura kuɗi ta waya, sai ya tarar haraji ya riga shi zuwa. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗora naira 50 a kan duk kuɗin da aka tura daga naira 10,000 zuwa sama. A yi lissafi: mai tura naira 10,000 da mai tura naira miliyan goma, hamsin ɗin nan ɗaya ce a kansu, amma wa ya fi jin ta a jikinsa?

Mai yiwuwa wani daga cikinku ya tashi ya ce, ashe ku ba ku son doka da haraji ke nan? Ko kusa. Mun sani lalle ana fasa-ƙwauri a iyakarmu, har da na makamai, mun kuma sani da kuɗin haraji aka gina makarantun da suka kawo mu wannan ɗaki. Ƙasar da ba doka, mai ƙarfi ne ke cinye marar ƙarfi. Abin da muke ƙi shi ne a rufe ido a karɓi duk abin da aka miƙo. Kuma tarihi ya nuna magana tana da amfani. A 1979 gwamnatocin jam'iyyar PRP na Alhaji Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Daura ke cikinta a lokacin, da na Alhaji Abubakar Rimi a Kano, sun soke haraji da jangali, bayan gwagwarmayar da su Malam Aminu Kano suka daɗe suna yi. A watan Mayu na 2024 ma, da aka fito da harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi da sunan tsaron intanet, jama'a suka yi ca, Gwamnati ta dakatar da shi.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, muna ba da shawarar tambayoyi uku da za mu riƙa yi wa kowace sabuwar doka. Ta farko, wa zai ɗauki nauyinta, kuma an ji ta bakinsa kafin a kafa ta? Ta biyu, wa aka bar wa ƙofar fita, kuma an bayyana sunansa da dalili a fili? Ta uku, yaushe za a zauna a auna ko ta yi aikin da aka ce za ta yi, a soke ta in ba ta yi ba? Dokar da ta amsa waɗannan, mu ne kan gaba wajen bin ta da bayyana wa iyayenmu ita.

Gobe wasunmu ne za su zama ma'aikatan kwastan da na banki da masu rubuta dokokin nan. Muna roƙonku, ranar da aka ajiye takarda gabanku don ku sa hannu, ku tuna da mai injin niƙa na Babban Mutum, ku aika a tambaye shi, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba mu shugabanni masu sauraro, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya cikin ladabi.