Ɓoyayyen Yoyon Ruwa a Injin Mota: Alamominsa da Hanyoyin Gano Shi

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wata cutar inji wadda ba ta barin ɗigo a ƙasa, amma takan cinye albashin watanni. Kowane mai mota ya san yoyon lagireto ko na tiyo, domin da safe yakan tarar da ƙasa a jiƙe. Wanda ya fi haɗari shi ne ruwan da ke raguwa kullum, a ƙara ya sake raguwa, alhali ba a ga inda ya bi ba.

Inji yana da manyan sassa biyu: buloki, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda, da murfinsa, watau tof silinda. Tsakaninsu akwai wani siririn faifai da kanikawa ke kira gasket, wanda aikinsa shi ne raba maƙwabta uku da ba su ga maciji da juna: wutar da ke ci cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai.

Babban abin da ke kashe gasket shi ne zafi. A motoci da yawa, alal misali Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, buloki na baƙin ƙarfe ne, tof kuwa na alminiyam. Shi alminiyam, buɗewar da yake yi da zafi ta kusan ninka ta baƙin ƙarfe. Saboda haka idan inji ya tafasa, tof yakan karkace, kuma karkacewar da ba ta wuce kaurin takarda ba, watau kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, tana iya buɗe hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tafasar kuwa tana da nata dalilai: fambel ya saki, fanka ta tsaya, ƙurar hunturu ta toshe lagireto, ko tsatsa da dattin ruwan rijiya sun cushe hanyoyinsa. Murfin lagireto ma ba abin rainawa ba ne, domin matsin da yake riƙewa shi ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120 a ma'aunin Salsiyas.

Alamomin cutar sun danganta da inda bangon ya tsage. Na farko, idan ruwa na shiga silinda, salansa takan fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko bayan inji ya ɗumama. Da safe inji yakan tashi yana karkarwa, kuma idan aka kwance fulogogi za a tarar ɗaya ya yi tas kamar an wanke shi. Na biyu, idan ruwa ya gauraya da mai, man yakan koma launin shayi da madara, ya kuma haura alamar ma'auninsa. Na uku, idan iskar ƙonewa ce ke kutsawa cikin ruwa, za a ga kumfa na tasowa a lagireto, tiyon sama kuma ya yi tauri jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi.

Amma alama ɗaya ba ta isa hujja ba. Tururin sanyin safiya ba cuta ba ne, haka nan ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai yakan samu motar da ba ta wuce gida zuwa ofis. Har ila yau, tsagewar tof, ko huda a na'urar sanyaya mai, ko lalacewar hatimin gindin silinda a injuna irin na 504, duk sukan haɗa ruwa da mai alhali gasket lafiya lau. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka a yi gwaji kafin a ɗauki sufana.

Gwajin farko, a ɗaura ɗan famfo mai ma'auni a bakin lagireto, a hura iska daidai matsin da aka rubuta a murfin. Idan allura ta sauka kuma babu ɗigo a waje, ruwan ciki yake bi. Na biyu, a auna matsin kowace silinda. Bambancinsu bai kamata ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, kuma idan biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gasket ya ƙone tsakaninsu. Na uku, a zuƙo iskar bakin lagireto ta cikin wani shuɗin ruwan gwaji. Idan ya koma rawaya a injin fetur, hayaƙin ƙonewa ya shiga ruwa. Sai dai a kiyaye: ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Idan cutar ta tabbata, a ajiye motar. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in ya taru a silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin, mai da ya sha ruwa kuma yakan sa inji ya buga. Wajen gyara, a auna shimfiɗar tof, a goge shi a injin gyaran ƙarfe in ya karkace, a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe da sufana mai ma'auni, sa'an nan a canza mai da matatarsa. Fiye da kome, a gyara abin da ya jawo tafasar, in ba haka ba sabon gasket ma tafiya zai yi.

Daga ƙarshe, mai mota ya duba ruwa da mai kowane mako, ya zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, ya kuma tsaya nan take idan allurar zafi ta doshi ja. Tsayuwar rabin sa'a a bakin hanya ta fi sayen wani inji sauƙi.