Zaɓen Kwamishinan Noma a Jahar Teksas ta Amurka: Jawabin da Anka Yi Wurin Taron Ƙungiya

 

An buƙace ni in yi bayani bisa wata al'ada ta ƙasar Amurka wadda ba mu da irinta. Nan wurinmu ministan noma naɗa shi ake yi, manomi sai dai ya ji sunanshi ga rediyo. Can kuwa, cikin jahohi 50 na ƙasar akwai 12 inda talakawa ke zaɓen mai riƙe da sha'anin noma da ƙuri'arsu. Galibi ana ce mishi kwamishinan noma. Zan ɗauki jaha guda, Teksas, da zaɓen da anka yi cikinta a 1990.

Teksas babbar jaha ce, faɗinta ya ɗara rabin ƙasar Nijar. Yammacinta ruwa bai wadata ba. Suna noman kaɗa da dawa da gyaɗa, kuma ba jahar da ta kai ta yawan shanu. Kwamishinan noma shekara 4 yake yi kan kujera. Ma'aikatanshi ke duba sikelin ƴan kasuwa, kuma su ke ba da izinin aiki da maganin ƙwari. Dattawan da sunka kai gyaɗa kasuwa zamanin SONARA ba su buƙatar in gaya musu darajar mai duba sikeli.

A 1982 wani ɗan jarida mai kaifin baki, Jim Hightower, na jam'iyyar Dimokurat, ya ci wannan kujera, ya sake cinta a 1986. Ba manomi ba ne, kuma abokan hamayyarshi ba su taɓa bari a manta da haka ba. Ya buɗe ma ƙananan manoma kasuwanni cikin birane don su saida amfaninsu hannu da hannu, ba tare da dillali ba. Amma abin da ya tada ƙura shi ne maganin ƙwari. Can da jirgin sama ake fesa shi, kuma masu aiki cikin gonakin ƴan ƙwadago ne, mafi yawansu ƴan asalin Mekziko, talakawa tilis. Hightower ya kafa doka cewa in an yi feshi sai an jira wani lokaci kafin a tura mutum cikin gonar, kuma maƙwabci na da ikon a sanar da shi kafin jirgi ya biyo ta kan gidanshi. Mu da munka san yaro da ya goya famfon feshi ya dawo gida da jiri da amai, mun san dokar ba ta wuce hankali ba. Manyan masu gonaki da kamfanonin magani kuwa sun ɗauke ta shisshigi cikin dukiyarsu.

Sai ga rigimar nama. A farkon 1989 ƙasashen Turai sunka hana shigo da naman shanun da anka ba maganin saurin ƙiba. Gwamnatin Amurka ta husata, ta rama da haraji. Shi kuwa Hightower ya ce ma Turawa Teksas na iya saida musu naman da ba a sa ma komi ba. Manyan makiyaya sunka ga kamar ya yarda ke nan nasu naman na da illa.

Babbar ƙungiyar manoman jahar, Texas Farm Bureau, ta ja ɗamara. Da fari an nemi majalisa ta soke zaɓen baki ɗaya, a maida muƙamin na naɗi. Bai yiwu ba. Wurin zaɓen fidda gwani na jam'iyyarshi an tsaida manoma da dama su kara da shi, ya kada su duka. Daga nan sunka bi bayan wani ɗan majalisa mai noman kaɗa daga karkara, Rick Perry, wanda a 1989 ya bar Dimokurat ya koma Ripablikan.

To, ga inda nike so ƴan ci-rani su buɗe kunne. Wannan zaɓe ba manoma kaɗai ke yin shi ba. Kowane ɗan jaha na da ƙuri'a, kuma a lokacin kusan mutum 8 cikin 10 na Teksas mazauna birni ne, Hustan da Dalas da ire-irensu. Mai tuƙin taksi da bai taɓa riƙe hauya ba, ƙuri'arshi daidai take da ta mai garke dubu. Mutanen Perry sun gane haka. Ba su ɓata lokaci kan zancen iri da taki ba. Sun zuba kuɗi ga telebijin, sunka tuna ma jama'a cewa Hightower ya goyi bayan Jesse Jackson, baƙar fata mai neman shugabancin ƙasa a 1988, sunka yi ta maimaita zancen binciken da ƴan sandan tarayya ke yi cikin ma'aikatarshi. Binciken ba ƙage ba ne: a 1993 kotu ta kama mataimakanshi uku da laifi kan yadda anka tara kuɗin kamfe, ko da yake shi kanshi ba a tuhume shi ba. Ga ganina kuma ya raina abokin karawarshi, bai tashi ramawa da wuri ba.

Ranar zaɓe, watan Nuwamba 1990, an jefa ƙuri'a wajen miliyon 3 da dubu 800. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai dubu 50 ba, Perry ya ci. Abin mamaki, ran nan ɗin ƴar jam'iyyar Hightower, Ann Richards, ta ci kujerar gwamna. Ke nan akwai dubban mutane da sunka zaɓe ta, sunka juya mishi baya.

Ɗan ƙwadagon da anka yi dokar feshi dominshi, sau da yawa bai da takardar zama ɗan ƙasa, balle ƙuri'a. Ma'aikatar ta koma hannun mutumin da masu gonaki sunka tsaida. Perry ya riƙe ta shekara 8, ya zama mataimakin gwamna a 1999, sannan gwamnan Teksas daga ƙarshen 2000 har farkon 2015. Hightower bai sake riƙe wata kujera ba, ya koma ga alƙalami da rediyo.