Doka ta san da mu, saura mu san da ita

Ina taya mu murnar zagayowar wannan rana.

An ce in yi magana a kan abin da ya fi cinye mana jari. Wasu za su ce faɗuwar farashin tumatir a Kwanar Gafan, wasu su ce tsadar taki. Ni kuwa na ce rashin lafiya ne. Mu da ke zaune a bakin ruwan Tiga, daga Kura zuwa Bunkure da Kadawa, ruwan da ke ba mu shinkafa shi ke ba mu sauro rani da damina, shi ke sa wa yaranmu tsargiya. Dare ɗaya yaro zai kwanta, gari na wayewa an sayar da akuya, an taɓa kuɗin sari. To, akwai dokokin da aka yi saboda irin wannan, kuma guda uku na kawo muku.

Ta farko ita ce dokar lafiya ta ƙasa ta 2014. Ta ce duk asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ba shi da ikon korar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira dubu 100 ce, ko ɗaurin da zai iya kai wata 6, ko a haɗa masa duka biyun. Amma ku lura, ba a ce an yafe kuɗin ba. Cewa aka yi a ceci rai tukuna. Wannan dokar kuma ita ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wato ƙananan asibitocinmu na mazaɓu.

Ta biyu tamu ce ta jihar Kano, ta 2016, wadda ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KACHMA. Kada sunan ya ba ku tsoro, adashi ne. Kowa ya zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ciwo ya faɗa wa a yi masa magani daga asusun. Bambancinsa da namu, ba a jiran kwasa ta zagayo. Ma'aikatan gwamnati ana cire musu daga albashi. Mu da ba mu da albashi, mu za mu kai kanmu a rubuta mu.

Ta uku ita ce wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS. A da shiga inshorar lafiya ganin dama ne, yanzu ya zama wajibi a kan kowane ɗan ƙasa. Duk mai ma'aikata biyar ko fiye, dole ya sa su a tsarin. 'Ya'yanmu da ke aiki a kamfanonin casar shinkafa su tambaya da ladabi, haƙƙinsu ne, ba alfarma ba. Dokar ta kuma tanadi asusu don masu rauni: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu naƙasa da marasa galihu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan tanadi, wadda sunanta ba ya cikin rajista ba ta da rabo. Kuma babu mai bin mu gida-gida har wurin turara shinkafa yana roƙon mu. Don haka ina ba da shawara uku.

Na ɗaya, mu tura mutum uku ofishin KACHMA su zo mana da bayani a rubuce: nawa ake biya a shekara, wane ciwo ke ciki, wanne ne ba ya ciki, wane asibiti za mu zaɓa. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci su karanta mana a taro mai zuwa, kowa ta ji da kunnenta. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kowace ta tanadi lambar NIN ɗinta da takardun haihuwar yaranta.

Na uku, mu buɗe asusun lafiya daban da na bashi, mu riƙa zubawa da kaka da lokacin tumatir, sa'ad da hannu ke da maiƙo, mu biya wa juna a tare.

Iyayen gida, ku ma da ku ake. Matar da ta je awo da katinta ta rage muku neman rance da tsakar dare.

Uwar ƙungiya, ina roƙon a sa wannan magana a gaba kafin mu watse yau, a zaɓi masu zuwa, a sa musu rana. Allah ya ƙara mana lafiya da haɗin kai, ya maimaita mana.